Ma'anonin "cut off" a Turanci

Ɗalibi: Assalamu alaikum malamai. Shin "cut off" yankewa kawai yake nufi? Ina ganinsa a wuraren da babu wuƙa.

Mai Alli: Wa alaikumus salam. Asalinsa yanke abu ya rabu da jikinsa, kamar reshe. Amma an fi amfani da shi wajen katsewa: "they cut off the water", an yanke ruwa, "we got cut off", layin waya ya katse ana tsakar magana, "she cut me off", ta katse ni ban gama ba. Idan ambaliya ta raba ƙauye da hanya, shi ma "cut off" ne. Haka uban da ya daina ba ɗansa kuɗi.

Malama: Ɗan'uwa, kula da wakilin suna, dole ya shiga tsakiya: "cut it off", ba "cut off it" ba. Suna kuwa yana iya zama a tsakiya ko bayan "off". Kuma babu "cutted", shuɗaɗɗen lokaci ma "cut" ne.

Tafinta: Kada ka haɗa shi da "cut out". Injin da ya mutu da kansa "cut out" ya yi.