Tambaya: rage kuɗin maganin dattijo mai hawan jini da suga a Gombe

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Dattijo ne ɗan fansho, yana shan maganin hawan jini amlodipine 5mg sau ɗaya a rana, da maganin suga metformin 500mg safe da dare, kuma kuɗin magani na cinye fanshon.

Raba ƙwayar amlodipine 10mg gida biyu kan fi araha, sai dai wadda ba ta da tsaga a tsakiya takan dagargaje, ɓari ɗaya ya fi ɗaya girma. Metformin mai narkewa a hankali kuwa ba a raba ta sam. Ga tsadar tsinken gwajin suga, kowace na'ura da nata.

Shin rajistar GoHealth, wato shirin inshorar lafiya na jihar Gombe, tana ɗaukar waɗannan magunguna duk wata, har da tsinken? Kuma gwaji sau nawa a mako zai wadatar ga wanda ba ya allurar insulin?