Neman kalmar Hausa: wane suna za mu raɗa wa finafinan da Turawa ke kira science fiction?

Mai buɗe zance, daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan uwa masu kishin harshe, ina neman taimakonku a kan wata kalma da ta daɗe tana yi mini tarnaƙi. Tun ina makarantar sakandare, lokacin da sai mun yi karo-karo kafin mu karɓo hayar kaset daga Sabon Gari, nake da sha'awar finafinan da ake nuna tafiya zuwa wasu duniyoyi, da mutum-mutumi mai magana, da biranen da ba a gina ba tukuna. Yanzu ni da wasu abokaina mun fara nuna wa matasan unguwarmu irin waɗannan finafinai da majigi duk yammacin Asabar, muna tsayar da fim ɗin muna yi musu bayani da Hausa. Da na zo rubuta sanarwa sai alƙalami ya tsaya, domin ban san sunan da zan kira wannan rukuni da shi ba. Turawa suna ce masa science fiction, suna kuma da wani rukuni maƙwabcinsa da suke ce wa fantasy, wanda ya ƙunshi matsafa da dodanni da takubba masu tsari. Ina son suna guda biyu waɗanda yaro ɗan shekara 13 zai ji ya gane bambancinsu ba tare da an yi masa dogon sharhi ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne "ƙagaggen labarin kimiyya", amma kunnena bai gamsu da shi ba.

Ɗalibi, daga Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina abin da ya zo maka ɗin daidai ne, domin a aji "ƙagaggen labari" muke cewa ga duk labarin da marubuci ya ƙirƙiro daga kansa, kimiyya kuwa sananniyar kalma ce. Idan tsawonsa ne ya dame ka, sai a taƙaita shi a ce "ƙagen kimiyya".

Malama, daga Kongo:

Ɗalibi, ka yi ƙoƙari, amma ka sake furta "ƙagen kimiyya" a bakinka ka saurari abin da Bahaushe zai ji. A wurinmu idan aka ce an yi wa mutum ƙage, ana nufin an laƙaba masa laifin da bai aikata ba, don haka mai karanta sanarwar zai ɗauka za a nuna fim ne a kan sharrin da aka yi wa kimiyya, ko kuwa sharrin da kimiyya ta yi wa wani. Cikakken sunan ma yana da irin wannan illa a wannan zamani da labaran ƙarya suka yi yawa a wayoyinmu, domin "ƙagaggen labarin kimiyya" zai iya zama sunan saƙon nan da ake yaɗawa cewa an gano ganyen da ke warkar da kowace cuta. Ni shawarata ita ce "hasashen kimiyya". Abin da marubutan wannan fanni suke yi shi ne su ɗauki wani abu da ilimi ya tabbatar a yau, su ja zarensa gaba, su nuna inda zai iya kai ɗan Adam. Wannan kuwa shi ne hasashe.

Mai buɗe zance:

Malama, na gode, kuma na kwana biyu ina juya wannan shawara taki, domin ta dace da finafinan da na fi ƙauna. Misali, a fim ɗin Interstellar na 2014 an nuna wata duniya da ke kusa da wani ƙaton baƙin rami na sararin samaniya, inda sa'a guda a kanta take daidai da shekara 7 a wannan duniya tamu. Wannan ba shaci-faɗi ba ne, an gina shi a kan nazarin Einstein game da yadda ƙarfin jan abu ke rage gudun lokaci, kuma masanin da ya ba masu fim ɗin shawara, Kip Thorne, ya samu kyautar Nobel a 2017. Da duk finafinan haka suke, da na karɓi "hasashe" hannu bibbiyu.

Matsalar ita ce ba duka suke haka ba. Star Wars, wanda ya fara fitowa a 1977, shi ne fim ɗin da yawancin mutane ke tunawa idan aka ambaci wannan rukuni, amma labarinsa ba na gobe ba ne, tun a farkonsa an faɗa cewa abin ya faru ne a zamanin da ya shuɗe da daɗewa a wani wuri mai nisa. Me ake hasashe a nan? A gaskiya ni ina ganinsa a matsayin labarin jarumai da 'yar sarki da mugun waziri, wanda aka cire wa dawakai aka ba shi kumbo. Ba raini ba ne, na kalle shi fiye da sau biyar. Abu na biyu, kalmar ta riga ta samu aiki a rediyo, inda kullum muke jin hasashen yanayi da hasashen masana tattalin arziki. Idan mai karanta labarai ya ce hasashen kimiyya ya nuna zafi zai ƙaru, yana magana ne a kan bincike na gaskiya, kuma ba zan so mu gwama wannan da fim ba.

Dattijo, daga Birni:

'Ya'yana, na ga kuna ta kewaye-kewaye alhali kalmar tana cikin gidanku. Kafin in faɗe ta, bari in tuna muku cewa wannan aiki da kuke yi tsohon aiki ne a garin nan. A nan Zariya aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 a ƙarƙashin Baturen nan Rupert East na Hukumar Talifi, a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, kuma ma'aikatan wannan jarida sun sha fama da baƙin abubuwan da ba su da suna a Hausa, musamman a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Irin labarin da kuke nema wa suna ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1969 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke nan Zariya ya buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki wani yaro aka yi yawo da shi a sararin samaniya. A wannan shekarar ce kuma, ranar 20 ga Yuli, 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata, muka saurari labarin a rediyo. Ku lura da abin da Bahaushe ya yi a lokacin. Bai ƙirƙiro wata doguwar jimla ba, ya duba cikin kayan gidansa ya ɗauko kumbo ya laƙaba wa abin hawan, sunan kuma ya zauna har yau. Ko ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a wannan shekara an raɗa masa Afolo, amma wannan wani zance ne.

Kalmar da nake nufi ita ce almara. Tatsuniya ta yara ce da dare, tana da mabuɗinta da marufinta, tana da Gizo da Ƙoƙi, kuma idan kuka ce "tatsuniyar kimiyya" kun ƙasƙantar da abin. Ƙissa kuwa ta annabawa da bayin Allah ce, kada wanda ya kusance ta da wannan batu. Hikaya tana ɗauke da ƙamshin wa'azi. Almara ita ce labarin da mai faɗa da mai sauraro duk sun san bai faru ba, amma an tsara shi da hikima har hankali ya bi shi. Ku ce "almarar kimiyya". Larabawa ma hanyar da suka bi ke nan, suna cewa al-khayalul ilmi, wato abin da tunani ya surranta a kan ilimi.

Malama, daga Kongo:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na janye "hasashe", domin hujjar da aka kawo a kan rediyo ta kama ni. Sai dai ina da tsoro guda a kan almara. A bakin mutane yau, idan aka ce wa mutum maganarsa almara ce, ana nufin zancen banza yake yi. Ashe ba mu koma inda muka baro ba? Sannan yaran da ake so su ƙaunaci ilimi za su ga an jera kimiyya da almara wuri guda, a ƙasar da har yanzu akwai masu musun cewa an taɓa zuwa wata.

Dattijo, daga Birni:

'Yata, tsoronki yana da tushe, amma ki duba yadda Hausa ke haɗa suna biyu. Na farko shi ne abin, na biyu shi ne yake fayyace irinsa. Idan muka ce miyar kuka, miya ce, kuka kuma ita ta ba ta kama, ba wanda zai ce mun mayar da kuka miya. Almarar kimiyya almara ce da aka kaɗa da kimiyya, kalmar ba ta ce kimiyya almara ba ce. Bambancinta da ƙage shi ne ƙage yana da wanda aka zalunta, almara kuwa ba ta cuci kowa ba. Kuma gara yaro ya ji tun daga sunan cewa abin da zai kalla ba rahoto ba ne, don kada ya fita daga majigin yana rantsuwa cewa a Amurka ana tafiya zuwa shekarun baya da mota.

Ɗalibi, daga Samaru:

Baba, na sallama. Ina so in ƙara cewa su kansu Turawan ba a dare ɗaya suka samu sunan ba. Hugo Gernsback, wanda ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka a 1926, da farko scientifiction yake cewa, kalmar da ta yi wa harshe nauyi, sai a 1929 ya koma ga sunan da aka sani yanzu a sabuwar mujallar da ya buɗe. Kalmar robot da suke kiran mutum-mutumi da ita ma aro ce daga harshen Cek, daga wani wasan kwaikwayo na Karel Čapek na 1920, asalinta kuma aikin tilas take nufi. To yanzu saura ɗaya rukunin. Idan almara ta tafi wurin kimiyya, me ya rage wa finafinan matsafa da dodanni?

Mai buɗe zance:

Wannan tambaya ita ce ta fi ɗaure mini kai, kuma a nan nake ganin ba za mu iya bin sawun Bature ido rufe ba. Shi idan ya ce fantasy, yana nufin duk abin da ke cikin labarin babu shi sam, da aljani da sihiri da dodo duk ɗaya ne a wurinsa. Mu kuwa mun yi imani akwai aljanu, akwai sura guda da sunansu a cikin Alƙur'ani, mun kuma san sihiri gaskiya ne kuma haramun ne. Saboda haka idan na rubuta "almarar aljanu" a sanarwa, ba mamaki limamin unguwarmu ya kira ni ya tambaye ni ko ina nufin aljanu almara ne, kuma yana da gaskiyar tambaya. Amsar miyar kuka da Baba ya ba Malama ta isa a wurin masu nazari, amma ni da zan liƙa takarda a bakin layi ba na son sunan da sai na bi shi da kare kai.

Da na zauna na tambayi kaina abin da ya raba rukunan biyu, sai na ga ba kayan da ke cikinsu ba ne, dalilin da labarin ke bayarwa ne. A duka biyun mutum yana iya ɓacewa a nan ya bayyana a wani gari. Idan labarin ya ce wata na'ura ce ta warwatsa jikinsa ta sake haɗa shi, kamar yadda ake yi a shirin Star Trek tun 1966, to ya jingina da kimiyya, ko da kuwa kimiyyar ba ta kai can ba, kuma mai kallo yana da damar ya tuhumi fim ɗin idan ya saɓa wa ƙa'idar da ya kafa wa kansa. Idan kuwa ya ce zobe ya murza ko layar zana ya ɗaura, to ba ya bin kowa bashin bayani. Wannan na biyun shi ne abin da kakanninmu suka daɗe suna kira almara tun kafin a san majigi.

Dattijo, daga Birni:

Ɗana, ka amsa wa kanka ba ka sani ba. Ka bar wa na biyun sunansa na gado, ka kira shi almara kawai. Ka tuna da jirgi. A da idan Bahaushe ya ce jirgi, abin da ake haye kogi da shi yake nufi, babu wani ƙari. Da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya zo aka ce jirgin sama, irin waɗanda 'yan kwalejin koyon tuƙi ke shawagi da su a kanmu kullum. Sai bayan da ƙannen suka yi yawa ne aka waiwayi babban aka ƙara masa "ruwa" don a bambance shi. Haka za a yi a nan. Almara ita ce uwa, almarar kimiyya ita ce sabuwar haihuwa. Ranar da ka jera su biyun a takarda ɗaya kana bukatar rarrabewa, sai ka ce wa tsohuwar "almarar sihiri", domin sihiri aikin mutum ne, ba halittar da aka umarce mu da yin imani da ita ba, kuma ba na jin akwai malamin da zai yi fushi don an danganta shi da almara.

Malama, daga Kongo:

Na gwada su a jimla, Baba, kuma sun zauna: fim ɗin almarar kimiyya, marubucin almarar kimiyya, finafinan almarar sihiri. Gaɓoɓin ba su yi yawa ba, mai gabatar da shiri a rediyo zai iya furta su ba tare da ya sarƙe ba. Wanda ya haɗa biyun kuwa, irin wanda Malam ya ce an cire wa dawakai, sai a ce almara ce mai ruwa biyu.

Mai buɗe zance:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Na rubuta sanarwar kamar haka: "Majigin Asabar, bayan sallar La'asar, fim ɗin almarar kimiyya tare da bayani da Hausa." Na karanta wa ƙanena ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ba tare da na yi masa wani sharhi ba, sai ya tambaye ni ko irin na masu zuwa duniyar Mars ne, na ce masa shi ne. Sai dai fim ɗin da za mu nuna yana da halittu masu hankali da suka zo daga wata duniya, kuma yaran sun riga sun fara ce musu aljanu, abin da ba na so ya zauna a bakinsu. Ina tunanin "baƙin sama", amma ina jin tsoron a karanta shi a ɗauka launi ake nufi. Baba, Malama, ina sauraron ku kafin ranar Juma'a.