Me za mu kira wannan ciwon na muƙamuƙi da Hausa?

Jama'a ina neman shawararku. Ƙanwata ta kusa wata biyar gefen kumatunta na dama ya fito, da safe muƙamuƙi a riƙe, kai na sara mata, a gida kowa cewa yake hangum ne, alhali hangum da zazzaɓi yake zuwa kuma sati biyu ya wuce. Da muka je wajen likitan haƙori sai ya ce ta cije haƙoranta, ya ɗora yatsu a ƙasan kunne wajen kusurwar muƙamuƙi, wurin ya yi tauri kamar damtsen ɗan dambe, tana saki ya yi laushi. Aka yi sikanin aka ga ba ƙari ba ne, ba kuma ƙulli a wajen da miyau ke fitowa ba, ya ce sunansa a Turance masita haifatirofi, wato tsokar muƙamuƙi da ake kira masita ce ta ƙara girma. Na dawo gida na rasa me zan ce wa Mama.

Wani ɗan'uwa ya ce mu ce kumburin kumatu. Malam, ban yarda ba gaskiya, don Bahaushe in ya ji kumburi ruwa ko mugunya yake kawowa a rai, sai a fara neman maganin sacewa ko a sayo antibayotik a kyamis, nan kuwa tsoka ce ta yi kauri saboda aiki ya mata yawa, cizon haƙora cikin barci, cingam ba dare ba rana, tauna da gefe ɗaya. Ita ƙanwar tawa da dare har ƙarar haƙoranta ake ji.

Wata Hajiya ta kawo shawarar mu ce ciwon muƙamuƙi, ya yi daɗin faɗa amma ya yi faɗi, ciwon gaɓar muƙamuƙi ma da na haƙori duk za su shige ciki.

Ni dai na tsaya a kan kaurin tsokar tauna. Ita kalmar masita ɗin ma asalinta Girkanci ce, ma'anarta mai tauna, kun ga ba mu yi nisa ba. Kuma sunan da kansa yana nuna magani: a rage wa tsokar aiki, a bar cingam, a sa robar haƙori da dare, maganin rage zafi, in abin ya ƙi a yi allurar Botox da ke sassauta tsokar na wata 4 zuwa 6, tiyata sai can ƙarshe.

Jiya na gwada sunan a kan Mama, ta ce to ai sai a raba ta da cingam ɗin nan.