Sa ido ko bibiya? Sunan aikin masu awon ruwan ƙoramu

1/ Jama'a, ku matso mu raba gardama. Duk inda kalmar "monitoring" ta fito a labari, masu fassara sai su ce "sa ido". A wajen zaɓe ba ni da ja. Amma idan ana batun ma'aikatan gandun daji masu awon ruwan ƙoramu, ni dai ban gamsu ba.

2/ Mu fara duba aikin kansa. A gandun dajin Shenandoah da ke jihar Bajiniya a Amurka, tun 1979 masana daga jami'ar jihar da hukumar gandun dajin ƙasar suke ɗibar ruwan ƙoramun kan tudu suna aunawa. Abin da ya kai su shi ne hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona kwal, wanda ke sa ruwan sama tsami, tsamin kuma ya gangara ƙorama ya cutar da kifi. A irin wannan aiki ana auna zafin ruwan, da tsaminsa, da iskar oksijin da ke cikinsa, da yawan gishirin ma'adinai da ya narke, da ƙarfin gudunsa. Har duwatsun ƙasan ruwa ake ɗagawa a ƙirga 'ya'yan ƙwarin da ke maƙale, domin wasunsu ba sa jure gurɓataccen ruwa. Da zarar sun ɓace, an san da matsala.

3/ To ina ido a nan? Ƙorama mai tsami tana iya zama garai-garai, kana hango tsakuwar ƙasanta, alhali kifi ya ƙare a ciki. Ga shi kuma "sa ido" na ɗauke da warin zargi. Kowa ya san ɗan sa ido a unguwa, ba yabo ba ne.

4/ "Lura" ta yi sauƙi da yawa, mai wucewa ma yana lura. "Kula" kuma ta zarce, sai a ɗauka gyara ruwan ake yi. "Gwaji" da "awo" suna iya zama na rana ɗaya.

5/ Ni "bibiya" na zaɓa. Asalin aikin shi ne komawa: wuri ɗaya, hanyar awo ɗaya, shekara da shekaru, kamar mai juna biyu da ke komawa awo ana rubutawa a kati guda. Ga hujja. A 1990 Amurka ta tsaurara dokarta ta tsabtar iska, hayaƙin farar wuta ya ragu ƙwarai. Duk da haka wasu ƙoramun Shenandoah sun yi ta jan ƙafa wajen farfaɗowa, saboda ƙasar wurin ta daɗe tana shan sinadarin tana kuma sakinsa a hankali, duwatsun wasu kwaruruka kuma ba sa iya kashe tsami. Wanda ya auna sau ɗaya ya tafi ba zai taɓa gano haka ba. Sai wanda ya bi, ya sake bi.

6/ Saura "quality", tunda cikakken sunan aikin a Turance "water quality monitoring" ne. "Tsabta" ta sha ƙasa tun a lamba ta 3, inda muka ga ruwa garai-garai amma ba kifi. "Inganci" ba laifi, sai dai kunnena kayan kasuwa yake jiyowa, irin ruwan leda mai lambar NAFDAC. Tunda da kifi da ƙwari ake gane halin ruwan, "lafiya" ta fi zama.

Na kuma guji "rafi" don kada a ɗauka noman rani ake nufi.

7/ Shawarata ke nan: bibiyar lafiyar ƙoramu. Ku ɗora ta a jimla ku ji: "Ya kamata a riƙa bibiyar lafiyar ƙoramun gandun dajin Gashaka-Gumti, tunda ruwansu kogin Binuwai yake faɗawa."

8/ 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, kalmarku "suivi" ai daga bi ta fito. A gidajen rediyonku "bibiya" ake cewa, ko akwai wata da ta riga ta zauna a bakin mutane?