Wane kifi zan haɗa da wane a tanki mai lita 100?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka jima da kiwon kifin ado. Na kafa tankin gilashi mai cin lita 100, tsawonsa santimita 80. Na sa matatar ruwa da hita, na shimfiɗa tsakuwa, na dasa 'yan tsirrai. Ruwa na ciki, amma ban saki kifi ko ɗaya ba tukuna.

Ga abin da raina yake so: enjal biyu, don su ne suka fara jan hankalina da tafiyarsu ta natsuwa, sai niyon tetra huɗu, taiga bab uku, beta namiji ɗaya, gufi kaɗan, da fleko da zai riƙa share gilashi. 'Yata kuma ta dage sai an sa mata kifin zinare. Tun yanzu ta fara raɗa musu suna, shi ya sa ba na so mu wayi gari mu tarar da gawa a saman ruwa. Za su zauna lafiya?

Baba Mai Kifi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka saya, domin wannan haɗin ba zai yi ba.

Ka riƙa duba girman da kifi zai kai, ba girmansa na ranar da ka gan shi ba. Enjal yakan kai santimita 15 a tsawo, daga sama zuwa ƙasa ma ya fi haka, niyon kuwa da ƙyar ya wuce santimita 3 zuwa 4. Ranar da niyon ya yi daidai da bakin enjal, ya zama abinci. Fleko na gama-gari yakan wuce santimita 30, kuma ƙazantar da yake zubarwa ta fi wadda yake sharewa. In kana son irinsa, ka nemi ansistirus, mai gashi a hanci, wanda ke tsayawa wajen santimita 12 zuwa 15.

Taiga bab ɗan cizon jela ne, ballantana in ba su da yawa. Guda uku ba su isa su shagala da junansu ba, sai su koma kan enjal da beta su yayyaga musu fiffike. Shi kansa beta mafaɗaci ne, yakan ga jelar gufi mai launi ya ɗauka kishiyarsa ce. Kifin zinare kuma na ruwan sanyi ne, yana girma sosai, ba wurinsa ba ne tankin da aka ɗumama zuwa digiri 25. Ka lallashi yarinyar.

Da ni ne, zan raba tankin hawa uku. A ƙasa koridoras shida, wato ƙananan kifaye masu gashin baki da ke kiwo a ƙasan tanki. A tsakiya niyon goma ko goma sha biyu, ba huɗu ba, domin kifin garke ne, in sun yi kaɗan ɓuya suke yi har launinsu ya dushe. A sama gurami mai launin zuma guda biyu, ƙanana ne masu sanyin hali. Kowa da inda yake kiwo, ba mai takura wani. Amma ka kwashe tsakuwar nan in tana da kaifi ka zuba yashi mai laushi, don koridoras da gashin bakinsu suke tonon abinci, tsakuwa mai kaifi na cinye shi.

Maman Gufi:
Duk abin da Baba ya faɗa haka ne, sai dai akwai wanda ya fi damuna. Malam, ka bari matatar ta nuna? Kashin kifi na fitar da amoniya, guba ce. Akwai bakteriya masu amfani da ke zama a cikin soson matata, su mai da ita nitirait, shi ma guba ne, wasu kuma su mai da shi nitiret mai sauƙin illa. Kafin su yi yawa yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Ka riƙa jefa ɗan abincin kifi a tankin yana ruɓewa, ka nemi kayan gwajin ruwa, kada ka saki kifi sai amoniya da nitirait sun koma sifiri. Ko a lokacin ma kashi-kashi, da tazarar mako biyu. Niyon su zo daga ƙarshe, ba sa jure sabon tanki.

Kada ka taɓa wanke soson da ruwan famfo, kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, zai kashe bakteriyar. Ka matse shi a cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin ranar canjin ruwa, wato kashi ɗaya cikin huɗu duk mako.

Gufi kuma, ni ina ƙaunarsu, amma haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kusan duk wata. In ka haɗa maza da mata, tankin zai cika ba ka shirya ba. Sun kuma fi son ruwa mai nauyin ma'adini, niyon kuwa ruwa mai laushi irin na rafukan Amazon.

Ɗan Tsirrai:
Baba a gafarce ni, na ga inda enjal suka tashi tare da tetra tun suna ƙanana kuma aka zauna lafiya. Amma gaskiya a manyan tankuna ne masu zurfi da duhun tsirrai, kuma tetrar masu faɗin jiki ne. A lita 100 ni ma ba zan gwada ba.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Barin enjal ya yi mini ciwo, amma na haƙura sai na samu babban tanki. Na nuna wa 'yata hoton guramin, ta ce ai shi ma ruwan zinare ne, mun daidaita. Zan canza tsakuwar da yashi yanzu tunda ba kifi a ciki. Hajiya, in gwajin ya nuna sifiri, koridoras zan fara saki ko guramin?

Maman Gufi:
Fara da guramin, su biyu ne, ba za su yi wa matatar nauyi ba. Bayan mako biyu ka sake gwaji, in lafiya ka kawo koridoras duka shida a tare. In ka ga ɗayansu ya ruga sama ya haɗiyi iska ya koma, kada hankalinka ya tashi, ɗabi'arsu ce. Ka tanadar musu abinci mai nutsewa, don ragowar na sama ba ya isar su.