Ƙurajen bakin Hanan: mangwaro ne ko maganin nunarwa?

Maman Hanan: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya Baban Hanan ya shigo mana da kwalin mangwaron Jazan na kudancin Saudiyya, yara suka yi ta tsotsa. Jiya da yamma sai ƙuraje suka feso wa Hanan, zagaye da leɓe har haɓa, ga ƙaiƙayi, yau har sun ɗuri ruwa. Ƙannenta biyu lafiya lau. Ni dai na ce maganin da ake nunar da kayan marmari ne.

Kawu Idi: Wa alaikumus salam. Shi ne mana, kabayid. Mu da muka tashi muna shan mangwaro a gindin bishiya, wa ya taɓa jin haka?

Hajiya Ladi: A'a Malam Idi, tun muna yara ake cewa mangwaro na da zafi. Ga kuma zafin Makka. Shi ya sa nake jiƙa shi a ruwa kafin a sha.

Anti Rabi: Sannu Maman Hanan, Allah ya ba ta lafiya. Kawu, a yi mini afuwa, aikin jinya nake kuma ban yarda ba. Kabayid mugun abu ne, shi ya sa Najeriya da Indiya suka hana nunar da kaya da shi. Amma kwali ɗaya yara uku suka sha, ɗaya ta kamu, kuma iya inda ɓawo ya goga. Ɓawon mangwaro da danƙon nan da ke tsatsowa wajen hancinsa suna da wani mai, irin na ɓawon yazawa, don danginsu ɗaya. Fatar wasu ba ta shiri da shi. Kuma ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana 1 zuwa 3, kamar dai yadda ya yi wa Hanan.

Kawu Idi: To bara ba ta sha ba ne, Rabi?

Anti Rabi: Ta sha, Kawu. Haɗuwar farko jiki ke gane abin, a ta gaba yake bore. Hajiya kuma, jiƙon naki yana da amfani, yana rage danƙon. Masu irin wannan da yawa suna cin tsokar lafiya in wani ya fere musu.

Hajiya Ladi: To ni da hannuna ya yi baƙin tabo bayan na matse lemun tsami?

Anti Rabi: Kin fita rana ba ki wanke ba, ko? Ruwan lemun tsami da danƙon ɓaure in suka haɗu da rana suna ƙona fata, tabon ya yi watanni. Wanda nake tsoro daban ne: borin jini da ke tashi rudu-rudu cikin mintuna bayan cin ayaba, kiwi ko mangwaron ma. In leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, ko numfashi ya yi wuya, kar a tsaya shafa man zaitun, a kira 997, lambar motar asibiti a nan Saudiyya.

Kawu Idi: Na ji, amma ban janye ba. A riƙa duba abin da ake sayo wa yara.

Maman Hanan: Numfashinta ƙalau, alhamdulillah. Kuma gaskiya ita kaɗai ce ta huda ɓawon tana zuƙa, ƙannen yanka musu na yi.

Anti Rabi: Yanke mata farce, kar ta sosa. Tunda sun ɗuri ruwa kuma a fuska ne, likita ya gani yau, kar ki shafa komai tukuna.

Maman Hanan: In sha Allahu bayan la'asar za mu je. Na gode Anti.