Ginshiƙi ya tsaya mini a tsakiyar kicin, ya zan yi?

Jama'a, don Allah masana harkar gini ku taimaka. Gidanmu tsohon gini ne mai dogon rufi da ƙofofi masu lanƙwasa, kuma kicin na alfarma nake so wanda zai saje da shi. Raina na kan teburin marmara a tsakiya, amma ginshiƙin da ke ɗauke da bene na wurin, injiniya ya ce kar a taɓa shi. In na kauce masa, hanyar da ta rage ba ta kai mita 1 ba, ko ƙofar firiji ba ta buɗuwa sosai. In haƙura in koma tsarin U ne, ko in cusa ginshiƙin cikin teburin? Wanda ya taɓa yi, ta ina bututun ruwa ya bi?